Shekara huɗu ina taifin da yatsu huɗu, yanzu oga ya ce ban iya ba

Wata ƙanwarmu ce daga Unguwar Rogo a nan Jos ta turo wannan, ta ce a sakaya sunanta. Na ɗan taƙaita saƙon don yana da tsawo.

"Anti ina gajiya, ya sanyi. Ina aiki a wani shagon kwamfuta a Bauchi Road kusa da jami'a, taifin da fotokwafi da firintin. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya min, da kallo da tambaya na iya, yau shekara huɗu kenan. Yatsu huɗu nake aiki da su wani lokaci biyar, kuma ina kallon kibod, amma ina da sauri, ɗalibai da yawa ni suke nema saboda na iya tsara firojet. To watan jiya oga ya ɗauko wata yarinya da ta yi makarantar kwamfuta, ita sam ba ta kallon kibod, tana bugawa tana hira. Rannan a gaban kwastoma ya ce wai ni caccakar kibod nake yi ba taifin ba, wallahi sai da na shiga bayi na yi kuka. Na fara koyon na yatsu goma da kaina, sati ɗaya saurina ya zube gaba ɗaya, shafin da nake gamawa a minti goma ya koma kusan rabin awa, kuma da shafi ake biyana, sai na haƙura na koma yadda na saba. Ga ciwon wuya kullum da yamma. Yanzu ina tunanin in kwashi adashina in biya makaranta ko kuma in bar wurin kawai, ga shi ni nake taimakon Mama da cefane. Anti wai dole ne sai na koyi abin nan?"

Ƙanwata sannu, kin ji. Da farko dai oganki bai kyauta ba, mutumin da ya shekara huɗu yana karɓar kuɗi a kan aikin hannunki bai kamata ya muzanta ki a gaban baƙi ba, in gyara yake so ya kira ki gefe bayan an tashi. Kuma maganar da ya faɗa ma ba gaskiya ba ce, ba wai don in lallashe ki nake faɗa ba.

A 2016 wasu masu bincike a jami'ar Aalto da ke ƙasar Finlan sun tara mutum 30, suka manna musu wasu 'yan alamomi a yatsu yadda kyamara za ta bi motsin kowane ɗan yatsa, suka sa musu tabarau mai lura da inda ido yake kallo, suka ce su yi taifin yadda suka saba. Cikinsu akwai waɗanda suka yi kwas na yatsu goma akwai irinki da suka koya da kansu. Abin da ya fito shi ne masu koyon kai da yawa saurinsu bai gaza na 'yan kwas ba, wani da yatsu biyar ko shida yana kamo mai goma. Abin da ya raba masu sauri da marasa sauri ba yawan yatsu ba ne, a'a, shi ne kowane harafi ya zama yana da ɗan yatsansa da ya saba buga shi kullum, hannu ya zauna wuri ɗaya ba ya yawo a kan kibod, sannan kafin wannan yatsan ya gama danna harafinsa wancan ya riga ya kama hanyar na gaba. Ina da yaƙinin hannunki ya riga ya koya wa kansa wasu daga cikin waɗannan ba tare da kin sani ba, in ba haka ba ɗalibai ba za su riƙa jiran ki a layi ba. Saboda haka ki cire wa ranki cewa shekara huɗun nan a banza suka tafi.

Amma duk da haka amsata ita ce eh, ki koya. Ba don oga ba, ba don yarinyar nan ba, don irin aikin da kike yi.

A binciken nan dai sun ga cewa masu koyon kai suna ɓata kusan ninki biyu na lokacin da 'yan kwas ke ɓatawa wajen kallon yatsunsu, kuma a nan ne matsalarki take. Kinga wanda yake rubuta abin da ke cikin kansa, kamar ɗan jarida ko mai amsa saƙo a ofis, wurare biyu kawai idonsa ke zuwa, kibod da sikirin, kuma rabin lokacinsa ma tunani yake yi ba bugawa ba, shi in ya zauna da yatsunsa biyar har ya yi ritaya ba abin da ya rage shi sosai. Ke kuwa kwafa kike yi. Ɗalibi ya kawo miki babi na biyu da ya rubuta da hannu a fulsikaf, malaminsa ya bi da jan biro ya soke nan ya ja kibiya can ya cusa wata jimla a gefen takarda, ki kalli takarda ki ɗauki kalma huɗu ko biyar a ka, ki sunkuya kan kibod ki buga, ki ɗago ki duba sikirin ko kin yi daidai, sannan ki koma takarda ki fara laluben inda kika tsaya. Wurare uku kenan, kuma a kowane layi sai kin yi zagayen nan sau biyu ko uku. A wajen laluben nan ne ake tsallake layi guda cur, musamman in layi biyu sun ƙare da kalma iri ɗaya, ba za ki gani ba sai an yi firintin an ɗaure aiki ɗalibi ya dawo yana faɗa, a sake ɓata takarda da tawada. Wuyan da ke miki ciwo da yamma kuma ki ƙirga sau nawa kike sunkuyawa kina ɗagowa daga takwas na safe zuwa magariba. Wanda ba ya kallon kibod idonsa na kan takarda ne kawai, yana karantawa hannu na zubawa, in ya yi kuskure ma sau da yawa a yatsansa yake ji kafin ya gani.

Abin nan ma asali don masu kwafa ya yi suna. A 1888 an yi wata gasa a garin Sinsinati na Amurka tsakanin Frank McGurrin, wani magatakardan kotu, da Louis Traub, shi McGurrin ya haddace wurin kowane harafi don haka idonsa ba ya barin takardar da yake kwafa, ya ci gasar, jaridu suka yayata, daga nan makarantu suka rungumi salon. Kuma abin da nake so ki riƙe, shi kansa ba wata makaranta ce ta koya masa ba, zama ya yi da tafireta ya horar da hannunsa.

Bari mu yi lissafin kuɗi tunda da shafi ake biyan ki. Masu auna sauri duk harafi biyar suke ƙirgawa kalma ɗaya, har da sarari. Shafin firojet mai tazarar layi biyu yakan ɗauki kalma wajen 250. In kina buga kalma 30 a minti, shafi ɗaya zai ci miki minti takwas da 'yan kai, firojet mai shafi 50 kusan awa bakwai kenan ba tare da kin tashi ko sallah ba. In kika kai 50 a minti aikin nan awa huɗu ne da minti goma. Kusan awa uku kin samu a kan aiki guda, a garin da in an kawo wuta ba ki san yaushe za a ɗauke ba, in janareta ne kuma kowane minti mai yake sha. Kuma 50 ɗin nan ba wani abin a zo a gani ba ne, a 2018 Aalto ɗin dai tare da jami'ar Kambirij sun duba taifin ɗin mutum 168,000 ta intanet suka samu matsakaicin sauri wajen kalma 52 a minti, wasu har sun wuce 120. Kar ki auna kanki da su ki karaya, mutane ne da suka kai kansu gwaji don suna son abin kuma jimloli masu tsabta suke kwafa daga sikirin, ba rubutun ɗalibi mai kama da na likita ba, na kawo ne kawai don ki san akwai sauran fili a gabanki.

Yanzu zancen satin da kika gwada saurinki ya zube. Haka yake yi wa kowa, ba alamar kin gaza ba ce, kuma wanda ya riga ya iya da wata hanya ya fi sabon shiga shan wahala don shi aiki biyu ne a kansa, ya kwance tsohon sabo sannan ya ɗaura sabo. Ki duba mai kitso, tana kallon talabijin tana ba ki labari hannu na kama gashi shi kaɗai, to ki ce ta sake yadda take riƙe gashin ki gani, sai ta koma kamar ranar da ta fara. Ilimin a hannu yake zaune ba a ka ba, shi ya sa kanki ya san inda harafi yake amma yatsan bai yarda ba tukuna. Sati ɗaya daidai lokacin da abin ya fi ɗaci ne kika sake shi. Wasu cikin wata guda suke dawo da tsohon saurinsu wasu sai wata biyu ko uku, ya danganta da yawan zama, amma ban taɓa ganin wanda ya dage kullum ya tsaya a ƙasa ba.

Kuskuren da za ki guje wa shi ne koyo a kan aikin kwastoma yana tsaye a kanki. Ba za ki iya ba, tsoro zai mayar da ke tsohuwar hanya cikin minti biyar, ga kuɗin cefanen Mama a tsakiya. Ki riƙa zuwa shago da wuri ki yi minti ashirin ko talatin kafin a buɗe, in kin samu sarari da rana ki ƙara kaɗan, gajeren zama kullum ya fi ki kwana kina yi ranar Lahadi ki bari sai wani satin. Kuma ki duba lokaci, kar ki fara a tsakiyar kakar firojet lokacin da 'yan ajin ƙarshe ke cika shago, ki nemi lokacin hutu ko farkon zango da kasuwa ke sanyi.

Ki shafa harafin F da J a kibod ɗinki yanzu, za ki ji wani ɗan tudu ƙarami a kan kowanne, an sa shi ne don manuniyarki ta gane gida ba tare da ido ba. Manuniyar hagu a F, sauran uku su kwanta a D da S da A, manuniyar dama a J, sauran a K da L da alamar da ke bin L, manyan yatsu kuma aikinsu doguwar sandar sarari ce kawai. Duk inda yatsa ya je ya buga sai ya dawo mazauninsa. Mu da aka koya wa a tafireta malama rufe mana hannu take yi da kwali, ke ki yafa ɗankwali ko ƙaramin tawul a kan hannuwanki, in kin manta harafi ki duba hoton kibod a sikirin ko ki zana a takarda ki manna a bango, amma kar ki ɗaga ɗankwalin. Kallo ɗaya da kike ganin ba komai shi ke hana hannu haddacewa. Kuma ki manta da sauri kwata-kwata a farko, ki buga a hankali daidai, don duk kuskure ɗaya aiki uku ne, kin buga ba daidai ba, kin goge, kin sake bugawa, sannan hannu yana haddace kuskuren kamar yadda yake haddace daidai.

Akwai wani abu da manhajojin koyon taifin ba za su faɗa miki ba don ba da mu aka yi su ba. A tsarin yatsu goma ƙaramin yatsan hagu ne ke buga A, shi ne mafi rauni a hannu, kuma ki dubi kowace jimlar Hausa ki ga yawan A da ke ciki. Ranar da aka kawo miki katin biki ko takardar walimar Islamiyya ko wasiƙar ƙungiya da Hausa za ki ji ɗan yatsan nan yana neman ya ƙage. Kar ki tsorata kuma kar ki matsa masa, yana ƙarfi a hankali. In kuma bayan kin iya kin ga akwai harafi ɗaya ko biyu da wani yatsan ya fi miki daɗin kaiwa, ki bar shi a haka, ba wahayi aka saukar da tsarin ba, sharaɗin kawai kullum yatsa ɗaya ne ke zuwa wurin kuma ido bai sauka ba. Sannan sanyin garin nan na Disamba da Janairu, in kin iso da safe yatsu a sandare, ki murza hannu ko ki riƙe kofin shayi ya ɗan ɗumama kafin ki fara, in ba haka ba za ki yi ta kuskure ki ɗauka ƙwaƙwalwarki ce.

Wani amfanin da za ki gani da kanki, kin san kibod ɗin shago yadda haruffa ke gogewa, E da A da N su fara ɓacewa, ko laftof ɗin tokumbo da ɗalibi zai kawo wadda ta fito daga Jamus an musanya Y da Z, ko ta Faransa da A ke zaune a wurin Q. Mai kallon kibod nan take yake rikicewa, wanda ya haddace kuwa in dai an saita kwamfutar a tsarin da ya saba ko me aka zana a kan madannan bai dame shi ba, haka in wuta ta ɗauke da yamma shago ya yi duhu batiri na da saura, aiki bai tsaya ba.

Adashinki kuma dan Allah ki bar shi inda yake. Abin da za a koya miki na taifin a makarantar kwamfuta mafi yawa zaunar da ke za a yi gaban Mavis Beacon ko makamancinta a ce ki yi ta bi, manhajar da tun 1987 take, kuma yanzu akwai TypingClub da Keybr kyauta a intanet ba sa cin data sosai, in kin fara kamawa ki riƙa auna kanki a Monkeytype sau ɗaya a sati, ba kullum ba don kar lamba ta hana ki barci. Kwamfuta tana gabanki daga safe zuwa dare, ba abin da makaranta za ta ƙara miki sai matsin malami. Inda kuɗi ke da amfani shi ne in satifiket kike nema don aikin ofis ko na gwamnati, to a nan ba kwas ɗin wata uku na bayan layi za ki nema ba, ki je ki yi tambaya a foliteknik ta jiha da ke Barkin Ladi kan kwas ɗin sakatarori da yanzu ake kira OTM, ki ji sharuɗɗa da kuɗi ki yi shiri a nutse. Kuma tunda muna maganar gaba, ɗalibai da yawa yanzu da kansu suke buga aikinsu a waya ko laftof su kawo firintin kawai, don haka duk abin da kika samu na Excel da CorelDRAW ki ƙara, a can kasuwar ke matsawa.

Yarinyar nan kuma ba ta yi miki komai ba, aiki ta zo nema kamar yadda kika zo, kar maganar oga ta sa ki ɗaure mata fuska. Kin ce ke ɗalibai ke nema don tsara firojet, to wannan ba ƙaramin abu ba ne, sa lambar shafi ta Romawa a farko sannan ta koma 1, 2, 3 daga babi na ɗaya, jera abubuwan da ke ciki ba da ɗige-ɗigen hannu ba, tebur ya zauna bai tsallake gefe ba, sanin abin da kowane sashe ke so, da wuya a ce wadda ta fito daga makaranta jiya ta san waɗannan kamar ke. Ki same ta ki ce ƙawata ki riƙa tsaya min minti goma da safe ki duba yatsuna, ni kuma in nuna miki tsari. Wanda ke tsaye a gefe shi ke ganin lokacin da manuniya ta saci aikin ƙaramin yatsa, ke ba za ki gani ba tunda hannunki a rufe yake.

Barin aiki kuwa ban goyi baya ba a yanzu, ba don ya cancanci ki zauna masa ba sai don wurin ne ke ba ki kwamfuta da wuta da kwastoma, kuma a cikin fushi kike. Ki bari ranki ya huce ki same shi shi kaɗai, ki gaishe shi, ki ce oga maganar rannan a gaban mutane ta yi min ciwo, in akwai gyara a faɗa min tsakanina da kai, sannan ki gaya masa kin fara koyo kina so ya bar ki ki riƙa buɗe shago da wuri, kuma nan da 'yan makonni ki riƙa karɓar ayyukan da ba na gaggawa ba kina yi da sabon salo. Wannan matakin yana da muhimmanci, don in kika zauna kina koyo da safe kina komawa tsohon salo da rana har abada, hannun ba zai taɓa zaɓa ba. Da zarar sabon ya kusa kamo tsohon saurinki ki yanke tsohon gaba ɗaya ko da za ki yi asarar shafi biyu uku a satin. In bayan kin yi masa magana ya ci gaba da wulaƙanta ki a gaban mutane to wannan ba zancen taifin ba ne kuma, ki fara cigiyar wani wuri a hankali, daga Bauchi Road zuwa Farin Gada zuwa Terminus shagunan da ke neman mai irin hannunki suna nan, amma ki samu kafin ki saki.

Wuyan kuma kar ki jira sai kin gama koyo. Tun gobe ki daina shimfiɗa takarda a kan tebur, ki jingina ta a tsaye kusa da sikirin, ko da allo ne da abin maƙale takarda, ki sa rula ko wata takardar a ƙarƙashin layin da kike kai. Sikirin ya zo daidai idonki, in laftof ce ki ɗora ta kan rim ɗin takarda biyu ki jona mata kibod na waje, kujera kuma ta kai yadda gwiwar hannu za ta yi daidai da tebur, kar ki danne wuyan hannu a bakin tebur kina bugawa. Duk bayan rabin awa ki miƙe ko fotokwafi ne ki je ki yi. In kuwa kin fara jin yatsu na mutuwa ko suna miki zir-zir kamar ana tsira allura, musamman da dare, ko ciwon wuyan yana sauka zuwa kafaɗa da hannu, kar ki tsaya shafa man zafi, ki je asibiti a duba ki, ko Plateau Specialist ko asibitin koyarwa na jami'ar Jos, wato JUTH, a Lamingo. Ki gaishe min da Mama.